Ranar da Na Zare Faifan Addata

A lokacin da abin nan ya faru, ni malamin Faransanci ne a wata makarantar sakandare a nan Garwa, irin malaman nan da jan biro ba ya barin aljihunsu ko ranar sallah. Ɗalibai suna shakkata, abokan aiki suna kawo mini takardunsu in duba kafin su kai ofis, ni kuwa na ɗauki wannan duka a matsayin shaidar cewa ni mutum ne mai lura. Ko waƙafi aka ajiye ba a wurinsa ba sai na gani. Gidanmu gidan kasuwanci ne tun daga kakanmu, wanda ya biyo fatake daga ƙasar Kano ya yada zango a bakin Binuwai bai koma ba, kuma ni ne na farko a zuri'ar da ya bar shago ya kama alli. Saboda haka a gida ma ni ne masani. In an kawo takardar asibiti ni ake nema, in rediyo ya faɗi abin da ba a gane ba ni ake tambaya. Na faɗi wannan ne domin mai karatu ya san tsawon itacen da na faɗo daga kansa, kuma ina roƙon mujalla ta sakaya sunana, don kunyar da nake ji ta ishe ni ba sai an ƙara mini ba.

Gida ɗaya muke zaune da yayata, wadda muke kira Adda kamar yadda maƙwabtanmu Fulani ke kiran babbar 'yar'uwa. Ƙyanda ce ta tafi da idanunta tun kafin a haife ni. Ba ta son a yi mata kwana-kwanar nan ta mai lalurar gani, takan ce a kira ta makauniya a wuce wurin, tana da aikin yi. Ta yi karatu a makarantar makafi, ta daɗe tana aikin amsa waya a wani ofis, daga baya ta koyi kwamfuta ta fi ni iyawa nesa ba kusa ba, ko da yake a lokacin ko za a yanka ni ba zan amsa hakan ba. Akwai wata manhaja a ciki mai karanta mata duk abin da ke fuskar kwamfutar, da muryar wata mata mai zuba Faransanci kamar ana kora ta. Adda ta raɗa mata suna Madam. Da igiyar sauraro a kunne take aiki, fuskar kwamfutar kuwa kullum a kashe take, baƙi ƙirin, don batir ya daɗe. Takan ce kunna fitila a ɗakin makaho ɓarnar kananzir ce. Ranar Asabar takan tara wasu mata makafi a zauren gidanmu tana koya musu, wasu daga cikin gari, wasu tun daga garin Pitowa suke shigo mota, har da wata Kirista 'yar kan duwatsu da ba su da yaren da ya haɗa su sai Hausa.

Darasinta na farko ga kowace sabuwar ɗaliba shi ne yadda ake zare faifan ajiya, wato ɗan akwatin nan da ake jonawa a gefen kwamfuta a zuba masa abubuwa. Nakan ji ta daga ɗakina tana nanata musu cewa faifai ba tsinken tsire ba ne da za a fizge a yar. Sai an rufe duk abin da aka buɗe daga cikinsa, a bi da maɓallai zuwa inda ake neman izinin cirewa, a nema, a jira Madam ta ce an gama, sannan hannu ya taɓa shi. Mai ido, in ji ta, yana da 'yar fitilar da ke ƙifta masa a jikin faifan ta gaya masa ana kan aiki, su kuwa ba su da sai kunne da haƙuri. Ni dai abin dariya yake ba ni. Na taɓa ce mata wannan sallamar da take yi da faifai ta fi ta surukai tsawo, saura ta raka shi bakin ƙofa ta ba shi goro. Ta ce ai gara ita tana sallama da kayanta, ni da nake fizge nawa kamar mai cire ƙaya ban gaya mata jarrabawa nawa na sake bugawa ba.

Abin da ya fi komai daraja a kwamfutar nan shi ne muryar mahaifiyarmu. A shekarun Inna na ƙarshe, Adda ta riƙa ajiye ƙaramin rikoda kusa da tabarmarta da hantsi, ta ja ta da hira. Inna ta ba da labarin tafiyar kakanmu, da sunayen zangon da suka kwana, da yadda jiragen ruwa ke zuwa da damina su tsaya a gaɓar kogi, da waƙoƙin niƙa, da wanda ya auri wa a dangi, da faɗan da ta yi da Babanmu a kan wata akuya wanda ta rantse har ta mutu ita ce mai gaskiya. Mu masu ido muna da hotunan Inna a bango da cikin waya. Adda ba ta taɓa ganin fuskar uwarta da wayonta ba. Muryar nan ita ce hotonta. Bayan rasuwar, nakan wuce ta ƙofar ɗakinta in same ta zaune da igiyar a kunne tana murmushi ita kaɗai, wani lokaci ma tana mayar wa Inna amsa.

Adda ba mai sakaci ba ce, wannan sai na faɗa da babbar murya. Kwamfutar ce ta tsufa ta cika, ta fara mutuwa da kanta, mai gyara ya ce sai an share ta an sake zuba mata komai sabo. Sai Adda ta shirya kwashe kayanta gaba ɗaya zuwa faifan, da niyyar in wani ɗan kasuwa da ta ba saƙo ya kawo mata faifai na biyu ta yi kwafi biyu. Kwashewa take yi, ba kwafi ba: abin da ya shiga faifan yana barin kwamfutar. Rana guda ce tak a duk rayuwar waɗannan muryoyi da suke rataye a igiya ɗaya, kuma ranar ce na shiga ɗakin.

Da bazara ne, irin zafin Garwa da ke sa mutum ya yi fushi da inuwarsa. An ɗauke wuta tun safe, wayata ta mutu, ni kuma ina ɗokin ganin ko an fitar da sunayen malaman da za su tsare jarrabawar ƙarshen shekara. Adda ta fita alwalar la'asar. Na leƙa ɗakinta na ga kwamfuta a buɗe a kan tebur, fankarta na ɗan huci, fuskarta baƙa. A ilmina na masu ido, fuska baƙa tana nufin ba a komai. Cikin kafofin jona abu da ke gefenta ɗaya ce kawai mai aiki, kuma faifan na ciki. Na ga 'yar fitilar tana ƙiftawa. Wallahi na gan ta. Na kuma ji wani ɗan zuzu kamar na sauro yana fitowa daga igiyar kunnen da ke ajiye a kan tebur, wato Madam ce ke ta bayani ba mai saurare. Na zare faifan, na soka igiyar wayata, na tsaya har ta ɗan farfaɗo, na duba saƙonnin. Ba a ma fitar da sunayen ba. Sai na mayar da faifan yadda na same shi, har da gyara masa zama, na fita ina jin na yi tsabtar aiki.

Ba a daɗe ba Adda ta kira ni, da wata murya da ban san ta da ita ba. Na same ta a tsaye, hannu ɗaya a kan faifan. Ta ce Madam na gaya mata abin da ba ta yarda da shi ba, in zo in ara mata idona. Ta kunna fuskar kwamfutar saboda ni, abin da ba ta cika yi ba. Na sunkuya na karanta mata saƙon da kyakkyawan lafazina na aji, cewa ba a iya karanta faifan, sai an share shi kafin a yi amfani da shi. Ta ce in sake karantawa. Na sake. Sai ta tambaye ni ko wani ya shigo ɗakin bayan fitarta. Nan ne wurin da ya kamata labarin nan ya ƙare, da faɗa da kuka da neman gafara. Amma ni malami ne, na saba zama a gefen da ake gyara wa mutane, ban saba da ɗayan gefen ba. Na ce mata ban ga kowa ba. Ban tsaya nan ba, sai da na ƙara, da muryar rarrashin da nake yi wa ɗalibin da ya faɗi, cewa wataƙila yatsanta ne ya zame ya taɓa wani maɓalli, ai kowa na kuskure, balle wanda ba ya gani. Sai ta ce to, tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Washegari na zama gwarzon ɗan'uwa. Ni na ɗauki kwamfuta da faifai na hau babur zuwa wurin masu gyara a unguwar Roumdé Adjia, ina ta faɗa da su kamar su suka yi ɓarnar. Garin rawar jikin nan na mai laifi na ce wa mai gyaran ya gama da kwamfutar a ranar, don Adda ta samu abin da zai ɗauke mata hankali. Ya share ta tas ya zuba sabo. Sai daga baya wani ƙwararre a garin Marwa, da na kai masa faifan, ya gaya mini cewa da an bar kwamfutar ba a taɓa ba, da akwai yiwuwar a tono yawancin abin da aka kwashe daga cikinta, don sawunsa bai riga ya goge ba. Wato sau biyu na binne Inna, na farko da ganganci, na biyu da taimako. Daga faifan ya iya ceto wasu tarkace marasa suna. Akwai inda ake jin tarin Inna, akwai inda take korar kaji, akwai rabin wata waƙa, akwai wani wuri da ta fara cewa ranar da kakanku ya iso bakin kogi, sai maganar ta yanke. Adda ta saurare su duka a gabana, ta yi mini godiya, ta sa mini albarka saboda wahalar da na sha. Na amsa da amin.

Da asarar ta tsaya a muryar Inna, da wataƙila na iya haɗiye abin har kabari. Amma sannu a hankali na ga wani abu dabam yana lalacewa. Adda ta yarda da maganata. Mace ce mai bin diddigi, saboda haka ta yi ta bitar abin da ta yi ranar a cikin kanta, tana neman inda yatsan ya zame, ba ta samu ba. Da ba ta samu ba sai ta yanke cewa lallai kunnenta ne ya fara yaudararta, Madam ta faɗi wani abu ita ta ji wani. Ta fara kirana in duba mata saƙo kafin ta aika. Ta fara barin fuskar kwamfutar a kunne ko da wani mai ido zai wuce ya hango mata kuskure. Matar da take zuwa kasuwa ita kaɗai da sandarta tana ciniki da Fulatanci har mai kaya ya yi saranda, ta koma tambayar yaran gida ko ta kulle ƙofa da gaske. Sannan ta dakatar da ajin Asabar. 'Yar kan duwatsun nan ta zo har gida ta zauna a zaure tana roƙonta, tana cewa Adda in kin bari mu wa zai koya mana, masu ido ba su da haƙurinmu. Adda ta ce mata wadda ta kashe muryar uwarta da hannunta ba ta da bakin koya wa wani yadda ake riƙon amana. Ina ɗaki ina jin su, da jan birona a hannu, ina gyara kurakuran 'ya'yan mutane.

Haka muka ci damina muka shiga kaka. Na rame, matata ta ɗauka aikin makaranta ne. Sau da yawa na shirya jawabin da zan yi, da gabatarwa da gundarin magana da kammalawa, in na zo ƙofar ɗakin Adda sai in tambaye ta ko tana son shayi.

Ita ce ta kawo ƙarshen abin, ba da sani ba. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ta kira ni ta ce in jawo kujera. Ta ce ta gaji da zargin kanta a makance, tana son ta san ainihin inda take kuskure, ko ta gyara ko ta haƙura da kwamfuta gaba ɗaya. Ta ce za ta jona wani faifai ta zuba abu ta cire a gabana, ni kuma in zuba wa yatsunta ido kamar yadda nake tsare jarrabawa, kada in ji tausayinta, in na ga kuskure in faɗa. Har da ɗan wasa ta ce Malam Farfesa ya fito da jan bironsa. Ta cire igiyar kunnen don ni ma in ji Madam. Na zauna na kalli hannuwan nan. Ta rufe abin da ta buɗe ɗaya bayan ɗaya, ta bi da maɓallai ba ta tsallake ko ɗaya ba, ta nemi izinin cirewa, ta ɗaga hannuwanta daga tebur ta ɗora a cinya tana jira. Madam ta ce an gama. Duk da haka ba ta taɓa faifan ba, sai ta juyo wajena ta tambaye ni ko da gaske abin da ta ji ke nan aka faɗa.

A shekarun da na yi ina koyarwa ban taɓa ganin aikin da ya kai wannan tsabta ba, kuma mai aikin tana jiran in ba ta maki. Jawabin da na shirya ya gudu. Na ce mata ba ta da kuskure, yau ma ba ta da shi, ranar nan ma ba ta da shi. Na gaya mata na shiga ɗakin, na ga fitilar tana ƙiftawa, na zare, na yi cajin waya, na mayar, na yi mata ƙarya. Na gaya mata abin da ƙwararren Marwa ya ce game da kwamfutar. Ban rage komai ba, don na san in na tsaya numfashi zan fara neman uzuri.

Na zaci za ta yi kuka ko ta jefe ni da wani abu, kuma da na fi son haka. Sai kawai ta tambaye ni, a hankali, ko wayar ta samu cajin. Na ce ta ɗan samu. Ta ce to madalla, da ba a yi asara biyu ba. Sannan ta ce in saurara da kyau, tunda ni mai gyara wa mutane magana ne. Muryar Inna, in ji ta, Allah ne ya ara mata ya kuma karɓa, kuma duk wanda ya zauna da masu ido ya san hannunsu ya fi hankalinsu sauri, wannan ta yafe tun kafin in rufe baki. Amma ni na san ba ta da komai a duniyar nan da take dogara da shi sai kunnenta da ƙwaƙwalwarta, na zauna ina kallo wata da watanni tana tuhumarsu, ina kawo mata shayi. Wannan, ta ce, ba za ta yi mini ƙarya ta ce ta yafe yau ba, don ƙarya ta yi yawa a gidan. Ta ce in tashi in ba ta wuri, kuma in ja mata ƙofa.

Asabar ta biyu bayan nan na ji hayaniyar mata a zaure, da ƙarar sanduna a bakin dakali. Ta buɗe ajinta. Ba ta faɗa wa kowa abin da na yi ba, ni na faɗa wa matata da ƙannenmu da bakina. Muna gaisawa, muna cin abinci tare, takan ma tsokane ni in na yi katoɓara. Amma ta sa kwado a ɗakinta, kuma ba ta sake cewa in ara mata idona ba. Ban sake roƙon gafarar nan ta biyu ba, don na gane roƙon ma wani nauyi ne zan ɗora mata. Ina jira, in ta zo ta zo.

Abin da ya sa na rubuto shi ne na san gidaje da yawa yanzu suna da makaho mai aiki da kwamfuta ko waya, kuma kewaye da shi akwai irina, masu ido masu gaggawa da kyakkyawar niyya. Ina roƙonku, kada ku auna kayan aikinsa da ma'aunin idonku. Fuskar kwamfutarsa tana iya zama baƙa alhali tana tsakiyar aiki, shirun da kuke ji kuma magana ce ake yi a kunnen da ba naku ba. Kada ku zare masa komai, kada ku matsar, kada ku gyara, sai kun tambaya. Ku da kanku ma ku koyi neman izini kafin cire faifai, ku jira a ce an gama, kuma abin da ba za ku iya jure rasawa ba ku ajiye shi wuri biyu kafin ku goge na farko. In faifai ya lalace, a bar shi da kwamfutar yadda suke har a sami wanda ya san aikin. In kuwa ƙaddara ta sa hannunku ya riga hankalinku, to ku faɗa nan take, tun ɓarnar tana ta na'ura. Mai ido in aka yi masa ƙarya yana iya zuwa ya duba da kansa. Makaho kuwa in na kusa da shi ya ce kuskurenka ne, ba shi da inda zai ɗaukaka ƙara, sai ya yanke wa kansa hukunci ya zauna a ciki. Ni na yi wa yayata haka, ni da nake taƙama ba a taɓa zaluntar ɗalibi da rabin maki a hannuna ba. Allah ya sa abin da ya same ni ya ishe ku darasi, ku kuma ku taya ni roƙonsa ya sassauto mini da zuciyarta.